Rijiyar Kaka da tekun Adar

Akwai wani ɗan dutsi da nake ajiye da shi cikin gwangwani tun ina da shekara tara. Girmansa bai wuce ƙwan zabuwa ba. Fari ne, cikinsa a baje, bayansa a dunƙule, kuma a bayan nan akwai zane mai reshe biyar kamar tauraro. Na tsince shi a shekara ta 1970, ina kiwon awakin gidanmu a gefen dutsi, a ƙauyenmu da ke tsakanin Buza da Keita. Irin waɗannan duwatsu ba su da wuyar samu a wurinmu. In aka yi ruwa mai ƙarfi, sai su fito birjik a bakin ƙorama. Mu yara mukan yi dara da su, mu jefi kurciya da su. Ba wanda ya damu ya san ko mene ne.

Ni na tambaya, kuma tambayar ta kai ni ga wata kunya da har yau ban manta ba. Zan ba ku labarin, don ku ma kuna taka irin duwatsun nan kullum a kan hanyar lakwal.

Kakana, mahaifin babana, maginin rijiya ne. Daga Buza har Tamaske, har kwarin Tarka wajen Madawa, ana aikowa a kira shi. Bai yi lakwal ba, karatun allo ma bai yi nisa ba. Kayan aikinsa dagi ne da igiya da kwando. Ran da na tsinci dutsin, da maraice na kai masa, na ce:

— Kaka, wa yaz zana wanga dutsi?

Ya juya shi a tafin hannu, ya ce:

— Ba kowa, aboki. Abin ruwa na. Can ƙasa nika iske su, cikin hwarin dutsi. Ruwan Ɗuhwana na zamanin Annabi Nuhu yab baro su nan. Haka nij ji ga manya.

Daga nan ya shiga lissafa mini abin da ke cikin ƙasa, yana naɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya:

— In ka hwara gina bisa tudu, marmara za ka iskewa, ja, mai cin dagi. In ka huda ta, sai laka mai ɓarewa kamar takarda. Ƙarƙashinta hwarin dutsi, mai ƙumba da irin abin ga naka. Sa'annan lakar takarda ta sake dawowa. In ka ga rairai ya biyo baya, to yi murna, ruwa ya kusa. Cikin kwari ba ka samun marmara, ruwa ya riga ya kwashe ta. Amma shekara arba'in ina gina, ban taɓa iske hwarin dutsi bisa marmara ba. Kowane da wurinai.

Na ji, amma ban riƙe ba. Yaro ne ni, labarin Ɗufana ya fi mini daɗi.

A shekara ta 1975 ina kwaleji. Wata rana mushe ya buɗe littafin faransanci, ya nuna mana hoto. Sai na ga dutsina sak! Ya ce wannan wata halitta ce ta teku, mai ƙaya a jiki kamar bushiya, wadda ba ta rayuwa sai cikin ruwan gishiri. In ta mutu ƙayar ta zube, laka ta rufe ƙoƙon, da daɗewa sai ya zama dutsi. Ya ce abin yakan kai miliyoyin shekaru. Kashegari na kawo masa nawa. Shi mutumin nesa ne, bai san Adar ba. Ya yi ta juya shi yana mamaki, don daga garinmu zuwa teku mafi kusa akwai kusan kilometir 900.

Da aka yi hutu na koma gida kaina ya kumbura. Na iske Kaka yana ginar rijiya a wani ƙauye kusa da mu. Mutane sun taru a bakin ramin, aka jawo shi waje, jikinsa fari fat da ƙura. Wani ya ɗauki bushiyar dutsi daga cikin kwandon ƙasa, ya tambaye shi, shi kuwa ya ba da amsar da ya saba bayarwa. Sai na yi dariya, na ce da ƙarfi:

— Kaka, wanga zancen waɗanda ba su yi lakwal ba na!

Wuri ya yi tsit. Akwai wasa tsakanin jika da kaka, amma kowa ya ji wannan ba wasa ba ne. Kaka ya share fuska da hannun riga, ya dube ni, ya ce:

— To, ɗan lakwal, ga mu cikin hwarin dutsi, gaba goma sha biyu. Mutanen ga sun sai da awakinsu sun sayi igiya da hatsin ma'aikata. Gaya musu, mi za mu iskewa ƙarƙashi? Mu ci gaba, ko mu bari?

Na buɗe baki, ba abin faɗi. Na san sunan abin da faransanci, amma ban san abin da ke ƙarƙashin ƙafata ba. Kaka ya juya wajen mutane, ya ce saura laka, bayanta rairai, su yi haƙuri. Kwana goma sha ɗaya bayan haka aka sha ruwa a rijiyar. Babana ya yi kwana biyu bai yi mini magana ba. Kaka kuwa bai sake tayar da zancen ba, wannan ne ma ya fi yi mini zafi.

Sai da na shiga makarantar horon malamai, na karanta tarihin ilimin duwatsu, na gane girman wautata. Ashe abin da Kaka ya lissafa mini da yatsu shi ne tushen wani babban ilimi, wanda ya canza yadda mutane ke duban dukan masu rai.

Kusan shekara dubu da suka wuce, wani babban malami Musulmi mai suna Albiruni ya lura cewa in ana ginar rijiya a hamadar Larabawa, akan iske ƙumba da wuri cikin dutsi. Sai ya ce lalle wurin nan dā teku ne, daga baya ya cike. Kun ga shi ma a bakin rijiya ya samo hujjarsa.

A shekara ta 1666 masunta suka kama wani ƙaton kifin teku mai kaifin haƙora a gaɓar Italiya. Aka kai kansa wurin wani likita ɗan ƙasar Danmark mai suna Siteno. Da ya duba haƙoran, sai ya ga daidai suke da wasu duwatsu masu tsini da mutane ke tsinta a kan tudu. A 1669 ya rubuta wata ƙa'ida mai sauƙi: laka da rairai suna kwanciya a ƙarƙashin ruwa shimfiɗa bisa shimfiɗa, saboda haka ta ƙasa ta girmi ta bisa. Ku dubi tabarmi in an jibge su a kasuwa. Wadda ke can ƙasa ita aka fara ajiyewa.

Wanda ya fi tuna mini da Kaka shi ne Wiliyam Simit, mutumin Ingila. Ɗan maƙeri ne, bai yi karatu mai zurfi ba. Aikinsa auna filaye, da shiga ramukan gawayin ƙasa, da duba hanyoyin ruwa da ake ginawa don jiragen dako. Da yawan shiga rami ya gane abu biyu. Na farko, shimfiɗun dutsi suna bin juna da tsari guda ko'ina ya je. Na biyu, kowace shimfiɗa tana da irin ƙumbarta, wadda ba a samu a sauran. In ka miƙa masa ƙumba, sai ya faɗa maka daga wace shimfiɗa ta fito, da abin da ke ƙarƙashinta. A 1815 ya fitar da babbar taswirar duwatsun Ingila. Manyan masana na birni suka raina shi, har aka ɗaure shi saboda bashi a 1819. Sai a 1831 suka kira shi suka girmama shi. Ran da na karanta wannan, na rufe littafin, na daɗe zaune.

To, amma me ya sa kowace shimfiɗa ke da halittunta dabam? Ina na ƙasa suka tafi? A 1796 wani masani na Faransa, Kubiye, ya gwada ƙasusuwan wata giwa ta dā da aka tono da na giwayen Afirka da na Indiya. Ya nuna cewa wata iri ce dabam, kuma babu ita a duniya yanzu. Kafin nan mutane da yawa ba su yarda wani jinsin halitta yana ƙarewa ƙaf ba. Shi Kubiye yana ganin manyan masifu ne ke share halittu lokaci zuwa lokaci. Wani ɗan ƙasarsu, Lamark, wanda ya daɗe yana nazarin ƙumbar dutsi ta kewayen Pari, ya ce a 1809 halittun ne ke sauyawa a hankali. Amma bai kawo dalilin da ya gamsar da mutane ba.

Wannan abu ana ganinsa a Adar ma. A shimfiɗun da ke can ƙasa da farin dutsi akwai amonit, wata halittar teku mai ƙoƙo a naɗe kamar ƙahon rago. A irin waɗannan shimfiɗu ne aka tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren teku kusa da Goronyo, a ƙasar Sakkwato, har masana suka raɗa masa suna da sunan garin. Amma in ka hau zuwa farin dutsi, ba amonit ko ɗaya, ba ƙadangaren teku. Sun ƙare shekara miliyon 66 da suka wuce, lokaci guda da manyan dabbobin nan da ake kira dinozor. A farin dutsi sai bushiyar teku, da kawa, da notil, wani ɗan'uwan amonit wanda danginsa na nan da rai har yau a tekuna masu nisa.

Saura tambaya guda: shekara nawa aka ɗauka ana wannan shimfiɗa? Masanan Turai sun daɗe suna ba da amsa irin ta Kaka, wato ruwan Ɗufana. Da suka ƙara dubawa, sai suka ga shimfiɗun suna da yawa, kowace da halittunta. A wasu wurare kawa na nan manne da juna, manya da ƙanana, yadda suka rayu. Wannan ba aikin ambaliya guda ba ne. Wuri ne da halittu suka zauna, suka hayayyafa, suka mutu, zuriya bayan zuriya.

Wani mutumin Ekos mai suna Hatan, likita ne kuma manomi, ya riƙa kallon yadda ruwan sama ke wanke ƙasar gonarsa yana kai ta rafi, rafi ya kai ta teku. A 1788 ya ce wannan ƙaramin aiki na kullum shi ne ke cinye duwatsu, shi ne kuma ke shimfiɗa sabuwar laka a teku, in dai an ba shi lokaci mai tsawon gaske. A 1830 wani masani, Layel, ya fara fitar da babban littafinsa a kan wannan magana. Ya ce in kana son sanin abin da ya faru dā, dubi abin da ruwa da iska da girgizar ƙasa ke yi yau.

Mu ƴan Adar ba sai an yi mana dogon bayani ba. A gefen gonar Kaka akwai wata ƙorama. Ina yaro nakan tsallake ta da tsalle ɗaya. Kafin in zama malami ta ci kusan rabin gonar, ta kayar da tsamiyar da muke hutawa a gindinta, raƙumi ma in ya shiga ba a hango tozonsa. Kowace damina kaɗan take ci. Yanzu ku ɗaga kai ku dubi kwarin Magiya ko na Keita. Shimfiɗun da ke dutsin gabas su ne a dutsin yamma, a tsayi guda. Dā haɗe suke, ruwa ne ya raba su. Ga lissafi na misali: in ruwa na kankare milimetir 1 a shekara, kafin ya gina kwari mai zurfin metir 100 sai ya yi shekara 100.000. Kuma kafin a fara kankarewa, sai da shimfiɗun suka kwanta tukuna, ɗaya bayan ɗaya. Da yayyafi kogi kan cika.

Littafin Layel ne wani saurayi ɗan shekara 22 ya riƙe, ya shiga jirgin ruwa mai suna Bigil a ƙarshen shekara ta 1831. Sunansa Darwin. Mutane sun san shi da zancen dabbobi, amma a wannan tafiya ta shekara biyar ya fi ɗaukar kansa mai nazarin duwatsu. Wurin da ya fara sauka a yankinmu ne na Afirka ta Yamma: tsibirin Santiyago na Kap-Ber, kusan kilometir 600 yamma da Dakar, cikin watan Janairu na 1832. Can ya ga wani farin layi a jikin dutsin gaɓa, kamar metir 14 bisa ruwa, cike da ƙumba irin wadda ke bakin tekun. Ya ce ashe ƙasa kan tashi.

A Arjantin ya tono ƙasusuwan manyan dabbobi da suka ƙare. Wata tana da sulke a baya, girmanta ya kusa na sa. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, a wannan ƙasa dai akwai wata ƴar dabba mai irin wannan sulke tana yawo da ranta. Me ya sa matattun wuri ke kama da rayayyun wurin, kamar kaka da jika?

Ran 20 ga Fabrairu 1835 aka yi babbar girgizar ƙasa a Shili, yana can. Bayanta aka iske ƙumba manne da dutsi, kusan metir 3 bisa inda ruwa ke kaiwa, tana ruɓewa. Ƙasa ta tashi cikin yini guda. Wata ɗaya bayan haka ya hau duwatsun Andes, ya iske ƙumbar teku a tsayin kusan metir 4000. Sai ya haɗa biyun: metir 3 yau, metir 3 bayan wasu ɗaruruwan shekaru, a kwana a tashi gindin teku ya zama ƙololuwar dutsi.

Da ya koma gida a 1836, sai ya ɗauki wannan tunani ya aza shi a kan masu rai. In ƙananan canje-canje na taruwa su gina kwari, su tayar da dutsi, me zai hana su taru su sauya jinsin halitta? Layel kansa da farko bai yarda da haka ba, amma hanyarsa ce Darwin ya bi.

Ga yadda ya bayyana abin. Kun san manomi in ya girbe hatsi yakan ware zangarniya mafi kyau ya ajiye don iri. Masu albasa a Galmi da kwarin Tarka ma haka suke zaɓen wadda za su bari ta yi ɗiya. Shekara da shekaru, iri sai ya canza. Darwin ya ce a daji ma ana irin wannan zaɓe, ko da yake ba manomi. Ƴaƴa ba su zama daidai da juna, kuma ana haifuwar fiye da waɗanda abinci zai isa. Waɗanda jikinsu ya fi dacewa da wurin, da fari ko sanyi ko maƙiyan da ke nan, su suka fi rayuwa su bar zuriya. In aka yi haka zuriya dubu bisa dubu, sai jikoki su bambanta da kakanni ƙwarai. Wani Baturen Ingila, Walas, ya kai ga wannan tunani shi kaɗai, aka karanta takardunsu tare a 1858. A 1859 Darwin ya fitar da littafinsa a kan asalin jinsunan halittu.

Kun ga abin da duwatsu suka ba shi. Sun nuna masa cewa halittu sun zo bi da bi, cewa wasu sun ƙare, kuma cewa duniya ta daɗe ƙwarai. Ba don haka ba, da maganarsa ba ta da wurin tsayawa.

An yi ta gardama da shi, kuma duwatsun nan su ne suka fi ba shi wahala. Aka ce masa, in halittu na sauyawa a hankali, ina na tsakani? Ya amsa cewa duwatsu kamar tsohon littafi ne da gara ta cinye yawancin shafunansa. A 1861 aka tono wata halitta a Jamus mai gashin tsuntsu da doguwar wutsiya mai ƙashi irin ta ƙadangare, kuma tun daga nan ake ta samun irin waɗannan na tsakani. Wani babban masani, Kelbin, ya yi lissafi ya ce shekarun duniya ba su kai yadda Darwin ke bukata ba. Darwin ya mutu a 1882 wannan magana na damunsa. Amsar ta fito daga iraniyom, irin ma'adinin nan da aka fara haƙa a Arlit a 1971. Masana sun gano cewa yana rikiɗewa ya zama darma da sauri guda wanda ba ya canzawa, kamar agogon da ke cikin dutsi. Da shi aka auna, aka ga shekarun duniya sun kai miliyon 4500 da ɗoriya.

Duwatsunmu ma sun shiga littattafan masana. Wani hafsan Faransa mai suna Gadan ya tsinci notil da bushiyar teku a Tamaske, aka kai su Pari, aka yi bayaninsu a 1903. Wani likitan sojan Ingila, Leliyan, wanda ke cikin masu shata iyaka tsakanin Faransa da Ingila, ya kwashi wasu a Adar ya kai London, aka raɗa musu suna a 1904. Yau an san cewa wajen shekara miliyon 60 da suka wuce, wani teku marar zurfi, mai ɗumi, ya shigo daga arewa ta ƙasashen da ake kira Aljeriya da Mali yanzu, ya rufe Adar har ƙasar Sakkwato. Farin dutsin da ake ƙonawa a yi siminti a Malbaza da Kalambaina, ƙoƙunan halittun wannan teku ne suka taru suka daskare.

Bayan babban farin 1984 aka fara aikin raya karkara na Keita. Mutane, yawancinsu mata, suka riƙa ɗaukar duwatsu a ka suna jera su a kan fako da bakin ƙoramu, don tare ruwa da ƙasa. Lokacin ina sabon malami. Wata rana na tsaya kusa da wani jeri, sai na ga bushiyar teku manne a jikin wani farin dutsi. Da maraicen nan na ɗauki gwangwanina na tafi wurin Kaka. Ya tsufa, idonsa ya tafi. Na durƙusa, na sa masa dutsin a hannu. Ya shafa bayansa da babban yatsa, ya yi murmushi, ya ce:

— Har yanzu kana da shi, aboki?

Na ce ina da shi. Na roƙe shi gafarar abin da na yi masa a bakin rijiya shekara goma da suka wuce. Ya ce shi ya manta, amma na san bai manta ba. Sai na ba shi labarin Wiliyam Simit. Ya saurara har na gama, ya ce:

— Baturen ga, ya taɓa shiga rami da kainai?

Na ce ya sha shiga. Ya ce:

— To, ya san abin da shika hwaɗi.

Na gaya masa zancen teku da shekara miliyon 60. Ya yi shiru, ya daɗe, sa'annan ya ce:

— Wanga lissahi ya hi ƙarhina. Amma Allah ba shi gaggawa. Mu ad da gaggawa.

Bai ce ya bar zancen Ɗufana ba, ni ma ban nemi ya bari ba. Zancen Darwin kuwa ban kai ga yi masa ba, dare ya yi. Da damina ta kama ya rasu, Allah ya jiƙansa. Rijiyar nan tana nan, ana sha.

Ku ƴan makaranta, in kun tsinci irin wannan dutsi, kada ku fasa shi. Ku dubi inda ya fito: bisa tudu ne, ko tsakiyar gangare, ko gindin ƙorama? Wace irin ƙasa ce a bisansa, wace ce a ƙarƙashinsa? Ku rubuta, don dutsin da ba a san wurinsa ba ya rasa rabin labarinsa. In kuma akwai maginin rijiya a garinku, ku je ku gaishe shi, ku zauna, ku tambaye shi abin da ke ƙarƙashin ƙafarku.

Ma'anar kalmomi

Gaba: awon zurfin rijiya, daga yatsun hannu guda zuwa na ɗayan in an miƙe hannuwa.
Marmara: jan dutsi mai ƙarfe a ciki, wanda ke rufe bisan tuddan Adar.
Shimfiɗa: laka ko rairai ko dutsi da ya kwanta a baje bisa wani.
Jinsi: irin halitta guda, wadda ƴaƴanta ke haifuwa da juna.

Ga yadda ake rubuta sunayen masanan a littattafan faransanci: Siteno, Sténon, Simit, Smith, Kubiye, Cuvier, Lamark, Lamarck, Hatan, Hutton, Layel, Lyell, Walas, Wallace, Kelbin, Kelvin, Gadan, Gaden, Leliyan, Lelean.

Tambayoyi

1. Ku lissafa shimfiɗun da Kaka ke iskewa, daga bisa zuwa ƙasa. Wace ce ta fi tsufa?
2. Wane abu biyu Wiliyam Simit ya gane?
3. Me Darwin ya gani a Kap-Ber, da Arjantin, da Shili?
4. Me ya sa maganar Darwin ke bukatar lokaci mai tsawo?
5. Me ya sa mai labarin ya ji kunya a bakin rijiya?

Aiki

Ku tafi tare da malaminku bakin ƙorama mafi kusa. Ku zana shimfiɗun da kuka gani a jikin gaɓa, ku rubuta launin kowace. Ku kafa turke taki goma daga bakin ƙoramar, ku sake aunawa bayan damina.